Daga Jarka Zuwa Instagram: Me Ke Sa Ƙirar Abu Ta Yi Kyau?

Ƙira ita ce shawarar da ake yankewa kafin a yi abu: girmansa da nauyinsa, inda hannu zai kama, abin da zai faru idan aka danna ko aka murɗa, da abin da zai biyo baya idan mai amfani da shi ya yi kuskure. Duk abin da hannun ɗan Adam ya yi yana ɗauke da irin wannan shawara. Maƙerin da ya lanƙwasa bakin lauje, da maginiyar da ta matse wuyan tulu, da injiniyan da ya zaɓi inda maɓallin tura hoto zai zauna a fuskar waya, sana'arsu ɗaya ko da ba su san juna ba. Mutane da yawa na ɗaukar kyan ƙira a matsayin kyan gani. Kyan gani yana ciki, amma shi ne ƙaramin kaso. Babban kason yana ga yawan tunanin da abin ya ɗauke wa mai shi, da yawan wahalar da ya bar masa.

Jarka, biro da randa

Jarkar da 'yan ga-ruwa ke jerawa a kura jikar wani gwangwanin ƙarfe na zuba man fetur ce da aka ƙera wa sojojin Jamus a shekarar 1937. Yana cin lita 20, wato daidai abin da namiji ɗaya zai iya ɗauka a hannu guda. An yi masa mariƙi uku a jere. Mutum ɗaya ya kama na tsakiya, mutum biyu su kama na gefe su raba nauyin, idan kuwa babu komai a ciki, hannu ɗaya ya haɗa jarka biyu. An lotsa jikinsa da zanen gicciye don ya ƙara ƙarfi, ya kuma bar wa mai wurin kumbura idan rana ta yi zafi. Murfinsa ba ya buƙatar sifana, kuma a cikin bakinsa akwai siririn bututun iska da ke sa mai ya zubo sumul ba tare da ɓulɓula ba. Sojojin Ingila a hamadar Arewacin Afirka suna fama da nasu gwangwanayen masu yoyo, sai suka koma tsintar na abokan gaba, daga baya suka kwaikwaye su baki ɗaya. Laƙabin da suke yi wa Jamusawa, wato Jerry, shi ya bi gwangwanin har ya iso bakin Bahaushe ya zama jarka. Ta roba da ake gani yau ta rasa mariƙi biyu, amma ta riƙe siffar kusurwa huɗu, wadda ke sa goma ko fiye su zauna a kura ɗaya ba a yi asarar wuri ba.

Shi ma biro sunan mutum ne. László Bíró ɗan jarida ne daga Hangari wanda ya yi rajistar alƙalami mai ƙwallo a baki a 1938. Wanda ya mayar da shi kayan kowa shi ne Marcel Bich na Faransa, da ya fitar da Bic Cristal a Disambar 1950. Kowane sashe na wannan biro amsa ce ga wata matsala. Jikinsa mai gefe shida ne kamar fensir, don kada ya gangara daga kan tebur. Garau yake, mai rubutu na ganin sauran tawada. Ƙaramin hujin da ke gefensa yana daidaita iskar ciki da ta waje. Launin murfi shi ne launin tawada. A 1991 aka huda saman murfin, saboda yara na tauna shi, wanda ya haɗiye kuma yana buƙatar hanyar numfashi kafin a kai shi asibiti. Zuwa 2006 an sayar da guda biliyan 100, kuma babu ɗaya da ya zo da takardar koyar da amfani.

Randa ta girme su duka. Jikin yumɓu yana tsatsafar da ruwa kaɗan-kaɗan, iska ta busar da shi, zafin ya tafi da tururin, ruwan ciki ya yi sanyi. A kan wannan tsohuwar hikima Mohammed Bah Abba, malami a jihar Jigawa, ya gina tukunya cikin tukunya a shekarun 1990: ƙarama a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, ɗanyen tsumma a sama. Gautan da ke yaushi cikin kwana uku ya riƙa kai kwana 27. Ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000. Abin lura a aikinsa shi ne bai nemi mutanen ƙauye su koyi sabon abu ba. Maginan gari sun iya yin tukunyar, yashi na rafi, kuma duk matar da ta taɓa sha daga randa ta riga ta san yadda abin ke aiki.

Ƙofar da ke sa mutum jin kunya

Wanda ya fi kowa tsara wannan ilimi a rubuce shi ne Don Norman, masanin halayyar tunani ɗan Amurka. Ya yi zaman bincike a Cambridge ta Ingila, inda ƙofofi da famfuna da makunnan fitila suka yi ta ba shi kunya, ya fitar da littafi a 1988 wanda daga baya aka sani da The Design of Everyday Things. Misalinsa da ya fi shahara shi ne ƙofar da aka sa wa mariƙin ja alhali turawa ake yi. Hannu ya ga mariƙi sai ya ja, ƙofa ta ƙi, mutum ya waiga ko wani ya gan shi. Hujjar Norman ita ce laifin na wanda ya tsara ƙofar ne, domin siffar abu magana ce: faranti shimfiɗaɗɗe yana cewa a tura, mariƙi yana cewa a ja. Ƙofar da sai an liƙa mata takarda ta riga ta faɗi jarrabawa. Har yau masu sana'ar suna kiran irinta ƙofar Norman.

Wannan ba batun jin kunya kaɗai ba ne. A ranar 30 ga Disamba 1903 gobara ta tashi a gidan wasan Iroquois da ke Chicago, mutum sama da 600 suka mutu. Wasu ƙofofin fita labule ya rufe su, wasu kuma an sa musu sakata irin wadda mutanen garin ba su saba da ita ba. Bayan wannan masifa aka ƙera a Amurka irin dogon ƙarfen nan da ake gicciyawa a ƙofofin manyan gine-gine, wanda ya shiga kasuwa a 1908. Mutumin da ya firgita ba ya karatu, ba ya murɗa makulli, abin da ya sani shi ne ya faɗa wa ƙofa da jikinsa. Sai aka yi ƙofar da wannan faɗawar ce ke buɗe ta.

Norman ya kuma yi magana kan dacewar maɓalli da abin da yake sarrafawa. Murhun gas mai kai huɗu a kusurwa huɗu, da maɓallai huɗu a layi ɗaya, kullum sai mai girki ta kunna wanda ba shi take nufi ba, ko shekara nawa ta yi da shi. Da an jera maɓallan yadda kawunan suke, da matsalar ta ƙare. Sai batun amsa: abu ya gaya wa mai shi gaskiyar halin da ake ciki. A ranar 28 ga Maris 1979, a tashar nukiliya ta Three Mile Island a jihar Pennsylvania, wani bawul ya maƙale a buɗe, ruwan sanyaya injin yana ta zuba. Fitilar da ke gaban ma'aikata ta nuna musu kamar an rufe shi, alhali abin da take nunawa shi ne an aika umarnin rufewa. Aka shafe sama da sa'a biyu kafin a gane, wani sashe na cikin tukunyar nukiliyar ya narke. Da farko an ɗora laifi kan ma'aikata. Norman na cikin waɗanda suka duba ɗakin sarrafawar, suka ga an tsara shi yadda kuskure zai yi sauƙi.

Mafi dabara a cikin ƙa'idojin ita ce toshe hanyar kuskure tun kafin a yi shi. Filogi mai ƙafa uku da ake amfani da shi a Najeriya da Gana ya samo asali daga ma'aunin da Ingila ta kafa a 1947. Ƙafar sama ta fi sauran tsawo. Ita ke fara shiga, ta haɗa wayar ƙasa, ta kuma ture wasu 'yan ƙyaure da ke rufe ramuka biyun da wuta ke ciki, don yaro ya kasa zura ƙusa. Duk wanda ya taɓa cusa murfin biro a ramin sama don ya shigar da caja mai ƙafa biyu, wannan kariyar ya karya. Na'urar ATM ma haka: da yawa suna fito da kati kafin kuɗi, domin an lura mutum na ɗaukar abin da ya zo nema ya juya, ya bar katin. Shi kuwa tsohon bakin USB, wanda ya fito a 1996, ya toshe kuskure amma bai nuna daidai ba, shi ya sa ake juya shi sau biyu ko uku kafin ya shiga. Ajay Bhatt, injiniyan Intel da ya jagoranci aikin, ya amsa daga baya cewa tsadar yin mai fuska biyu ce ta hana. Sai a 2014 USB-C ya gyara.

Ragewa, da waɗanda ake mantawa

Dieter Rams ya shugabanci sashen ƙira na kamfanin Braun a Jamus daga 1961 zuwa 1995, kuma aƙidarsa ita ce a rage, a kyautata abin da ya saura. Ƙaramar rediyonsa ta aljihu, T3 ta 1958, farin akwati ne da ramukan lasifika da faifan murɗawa guda, kuma duk wanda ya ajiye ta kusa da na'urar sauraren kiɗa ta iPod ta 2001 zai ga dangantaka. Sai dai ragewa tana da iyaka. Rimot mai maɓalli hamsin wahala ne, amma na'urar da aka share wa maɓallai har ba a san inda ake kunna ta ba ita ma wahala ce, ta dai sa fararen kaya.

Wata hanyar kuma ita ce a fara da wanda ya fi shan wuya. Sam Farber ya ga matarsa na fama da wuƙar fere dankali saboda ciwon gaɓoɓi, ya sa aka yi mai kaurin mariƙi da roba mai taushi. Ta fito a 1990 da sunan OXO Good Grips, masu lafiyar hannu ma suka fi son ta. Nokia 1100 ta 2003 an yi ta ne don wuraren ƙura da ƙarancin wuta: maɓallanta a rufe, gefenta ba ya santsi, batirinta na kwanaki, ga tocila a ka. An sayar da sama da miliyan 250, kuma wayar da ta cika wa Nokia biliyan ɗaya a 2005 irinta ce, a Najeriya aka saye ta.

Hoto ya hau intanet

Shafin ɗora hotuna ba shi da nauyi ko mariƙi, amma tambayoyin ba su canja ba. Mai shigowa yana so ya ɗora hoto, ya nuna wa waɗanda ya ga dama, ya kalli na wasu, ya kuma sami nasa idan ya dawo nema. Shafuka biyu da suka fi tasiri a wannan fage, Flickr da Instagram, duk ragowar wani aiki ne da aka sare wa rassa.

Flickr ya fito a Fabrairun 2004 daga ƙaramin kamfanin Ludicorp a Vancouver ta Kanada, ƙarƙashin Stewart Butterfield da Caterina Fake. Wasan intanet suke ginawa, sai sashen musayar hotuna ya fi wasan farin jini, suka ajiye wasan. Yawancin shafukan da suka gabace shi sun ɗauki hoto kamar na cikin albam, a kulle, sai wanda aka gayyata. Flickr ya juya lamarin: hoto a buɗe yake sai mai shi ya rufe. Ya kuma bar mutane su liƙa wa hoto kalmomin da suka ga dama, maimakon a tilasta musu jefa shi cikin jaka ɗaya. Hoton hawan sallah zai iya ɗaukar kalmar doki, da Kano, da rawani, a same shi ta kowacce. Ya ba mai hoto damar zaɓar lasisin Creative Commons, wato ya bayyana tun farko ko ya yarda a yi amfani da aikinsa da sharuɗɗan da ya gindaya. Ƙarfin wannan tsari ya fito fili a Janairun 2008, da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya ɗora tsofaffin hotuna kusan 3,000, jama'a suka riƙa gano wurare da mutanen da ma'aikatan laburaren ba su sani ba. Yahoo ya sayi shafin a 2005, kuma a hannunsa ne ya makara wajen komawa waya.

Wannan giɓin Instagram ya cike. Kevin Systrom da Mike Krieger sun fara da manhaja mai suna Burbn, wadda ake sanar da inda ake, a shirya haɗuwa, a tara maki, a kuma ɗora hoto. Da suka duba abin da mutane ke taɓawa, sai suka ga hoton ne kawai. Suka zubar da sauran, suka bar ɗora hoto, nuna so, da tsokaci. Ranar 6 ga Oktoba 2010 suka buɗe, mutum 25,000 suka shiga a ranar, kafin ƙarshen Disamba sun kai miliyan ɗaya. A Afrilun 2012 Facebook ya saye su a kan dala biliyan ɗaya, ma'aikatansu 13.

Abin da ya ɗaga Instagram iyakoki ne da aka zaɓa da gangan. A farko kowane hoto murabba'i ne, kuma ƙarami, ɗigo 612 a kowane gefe. Wannan ya ɗauke wa mai ɗauka shawarar tsaye ko kwance, ya sa jerin hotuna ya zauna daidai a allon waya, ya kuma rage nauyin da za a tura. Kyamarar wayar lokacin ba ta da ƙarfi, sai aka yi matatun launi da ke mayar da dusashewar hoto ado da taɓawa ɗaya. Dabarar da ta fi burge masu sana'ar ba a ganinta. Da zarar mutum ya zaɓi hoto ya wuce shafin rubuta bayani, manhajar ta fara tura hoton a ɓoye. Kafin ya gama rubutu ya danna, aiki ya yi nisa, shi kuma ya ga kamar ƙiftawar ido ce. Saurin intanet ɗin bai ƙaru ba, jiran ne aka ɓoye cikin lokacin da hannunsa ke aiki. Jakob Nielsen, wanda ya kafa kamfani tare da Norman, ya daɗe da bayyana ma'aunin: kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa mutum na jin abu ya faru nan take, daƙiƙa ɗaya tunaninsa bai yanke ba, bayan daƙiƙa goma hankalinsa ya tafi wani wuri.

Ga mai sayen data da kuɗin cefane, nauyin shafi shi ne mariƙinsa. Manhajar da aka gwada a ofis mai intanet kamar ruwan famfo takan zama ƙofar Norman a garin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Facebook ya gane haka har a 2015 ya fara ba ma'aikatansa zaɓin rage saurin intanet ɗinsu zuwa na 2G na sa'a guda ranar Talata, don su ɗanɗana. A Maris 2021 aka baza Instagram Lite a ƙasashe sama da 170, nauyinta kusan megabait 2, babbar kuwa kusan 30. Shafi mai kyau yana fara nuna inuwar hoto kafin cikakkensa ya iso, yana ci gaba da turawa daga inda sabis ya yanke, ba ya kuma kunna bidiyo bai tambaya ba. Matse hoto yana da nasa farashi, kamar yadda masu ɗaukar hoton biki suka sani: hoton da ya bi ta WhatsApp sau uku ba ya wankuwa da kyau, shi ya sa suke tura shi a matsayin fayil.

Abin da shafi ya zaɓa wa mutum

Yawancin mutane ba sa taɓa saitin da suka tarar. Saboda haka abin da shafi ya zaɓa tun farko ya fi duk wani maɓalli ƙarfi. Buɗe hotuna ga kowa shi ya gina Flickr, amma ga amaryar da aka ɗora hotunan kamunta, ko uban da ya sa hoton 'yarsa da kayan makaranta, wannan zaɓin yana da wata ma'ana dabam. Ƙira mai mutunci tana nuna wa mutum waɗanda za su ga hoto a daidai lokacin da zai tura, da kalmomin da yake ganewa. Wadda ta binne wannan a ƙarƙashin shafi na biyar na saiti, fitilar Three Mile Island ce a wata riga.

Hoto kuma yana ɗauke da abin da ido ba ya gani. Waya na rubuta lokaci da irin kyamara a cikin fayil, wani lokaci har da ainihin inda aka tsaya. A Disambar 2012 mujallar Vice ta wallafa hoton John McAfee, attajirin manhajar kashe ƙwayar cutar kwamfuta, lokacin da 'yan sandan Belize ke nemansa. Ba a goge bayanan ba, cikin sa'o'i aka gano yana Guatemala. Manyan shafukan zumunta yanzu suna cire irin wannan bayani daga hoton da jama'a ke saukewa. Flickr, da yake masu sana'ar hoto na son ganinsa, ya bar shi da zaɓin ɓoyewa, a 2011 kuma ya ƙara damar zana da'ira a taswira, misali kewayen gida, don a ɓoye wurin duk hoton da aka ɗauka a ciki.

Akwai kuma tambayar wa aka ɗauka a matsayin mutum na yau da kullum. Shekaru da dama ɗakunan wanke hoto suna daidaita launi da katin Kodak mai hoton farar mace, baƙar fuska kuwa ta fito kamar inuwa. Kamfanin Transsion na Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, ya ci kasuwar Afirka da abubuwa da dama, ciki har da kyamarar da aka daidaita don baƙar fata. A 2020 masu amfani da Twitter suka lura cewa na'urar da ke yanke dogon hoto da kanta ta fi tsayawa kan fararen fuskoki. Kamfanin ya bincika, ya amsa a Mayun 2021 cewa akwai karkata, ya bar mutane su ga hotonsu yadda suka ɗora shi. Makafi ma suna shiga waɗannan shafuka da manhajar da ke karanta allo, kuma sai a Nuwambar 2018 Instagram ya ba da wurin rubuta bayanin abin da ke cikin hoto dominsu.

Inda shafi ya rabu da biro

Duk da kamannin nan, akwai bambanci biyu masu nauyi. Na farko, biro ba ya canja siffa cikin dare. Shafi kuwa mutum na kwanciya da shi iri ɗaya ya tashi ya tarar an sauya wa komai wuri, ilimin da yatsunsa suka tara ya tashi a banza. A farkon 2018 Snapchat ya sake fasalin manhajarsa, mutum sama da miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke, kamfanin ya janye wani sashe. A Yulin 2022 Instagram ya gwada cika allo da bidiyon mutanen da ba a bi ba, shi ma ya ja da baya bayan an yi masa ca.

Na biyu ya fi zurfi. Mai yin jarka yana cin riba idan jarka ta yi aiki. Shafin kyauta yana cin riba daga talla, talla kuma daga lokacin da aka ɓata ana kallo. Ke nan yana da iyayengiji biyu, kuma sauƙin da yake bayarwa ba dole ne ya zama don mai kallo ba. A 2006 Aza Raskin ya fito da dabarar jerin da ba ya ƙarewa, inda sabbin abubuwa ke shigowa ana ja ƙasa. A ma'aunin sauƙi ba ta da aibi, ta kawar da maɓallin shafi na gaba. Amma wannan maɓallin shi ne gaɓar da mutum ke tsayawa ya tuna akwai aiki a gabansa, kuma Raskin da kansa ya fito ya nuna nadama. A 2016 Instagram ya daina jera hotuna bisa lokaci ya koma bisa abin da na'ura ta ga zai riƙe mutum, sai a 2022 ya mayar da tsohon tsarin a matsayin zaɓi. Adadin masu nuna so da ke ƙarƙashin hoto ya zama sikeli ga matasa, har kamfanin ya gwada ɓoye shi a Kanada a 2019, amma a 2021 ya tsaya a kan wanda ya so ya ɓoye da kansa, wanda ke nufin yawanci a bayyane zai zauna. Harry Brignull, masanin ƙira ɗan Ingila, ya fara tattara ire-iren tarkon da ake ɗanawa da gangan a 2010: maɓallin amincewa ƙato mai launi, na ƙi siriri a lungu, shiga da taɓawa ɗaya, fita da tambayoyi goma.

Gwada ko abu na da sauƙi ba shi da tsada. Nielsen ya nuna cewa zaunar da mutum biyar a kalli yadda suke fama da shafi, ba tare da an taimaka musu ba, yana fito da yawancin matsalolinsa. Abin da wannan gwaji ba ya kamawa shi ne abin da zai faru bayan shekara goma, domin hoto ajiya ce. Hausawa na cewa kyan tafiya dawowa, kuma a nan ne shafuka da dama suka gaza. A Yunin 2017 shafin ajiye hotuna na Photobucket ya sa kuɗi dala 399 a shekara ga masu nuna hotunansu a wasu shafuka, dare ɗaya hotuna suka ɓace daga shagunan intanet da rubuce-rubucen shekaru. Flickr ya yi alkawarin terabait guda kyauta a 2013, bayan kamfanin SmugMug ya saye shi a 2018 aka mayar da asusun kyauta zuwa hoto 1,000. Google Photos ya rufe ajiyar kyauta marar iyaka ranar 1 ga Yuni 2021. Shafin da ya cancanci a ba shi amanar hotunan iyali shi ne wanda ke barin mutum ya kwashe su duka, da cikakken girmansu da ranakunsu, ba tare da roƙo ba. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a Mayun 2018, ta mayar da kwashe bayanan mutum daga wani kamfani zuwa wani haƙƙi, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ita ma ta tanadi wannan haƙƙin.